Inda Faifai Ya Faɗi

Lokacin da muka je tudun nan 'yata ta haura shekara uku, amma har lokacin a bayana take wuni. Ba zan rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi Mamana yake ce mata, ni kuwa “ke” kawai nake cewa ta juyo.

Bakwaini ce. Ta yi jinkirin tafiya, in ta taka kuma ƙafarta ta hagu tana ɗan karkatawa ciki. Da muka biyo babanta Guangzhou, ko gama kwance kaya ban yi ba ta faɗi a matattakalar gidan da muke haya a unguwar Liwan, leɓenta ya fashe, jini ya ɓata mini hijabi. Babu uwata kusa, babu maƙwabciyar da zan ƙwala wa kira ta ji abin da nake faɗa. Tun ranar na ɗauko zanin goyo. Da ita nake girki, da ita nake shanya, da ita nake shiga jirgin ƙasa, ƙafafunta suna reto har cinyoyina, 'yan China suna kallonmu suna murmushi. Likita ya duba ƙafar, ya yi magana a cikin waya, wayar ta juya zuwa Turanci, maigida ya juya mini zuwa Hausa: ƙashi lafiya lau, a bar ta ta yi ta takawa, har a wuri mai tudu da kwari. Na ce to. Muna fitowa ƙofar asibitin na durƙusa na goya ta.

Ana haka yayar maigidana ta zo daga Kano sarin kaya, ta sauka a wurinmu. Yaya mace ce mai faɗin abu gatsau tana dariya. Wata rana da hantsi, tana shan shayi, ni ina tsaye da goyona, ta ce, “Hajiya ta ce in taho mata da takwararta. Gidan cike yake da yara, kafin ki ankara ta fara tsere da su. Nan kin mayar da ita jaka.”

Na dubi maigida. Bai ɗago daga kofinsa ba, sai na gane an riga an yi maganar ba na nan. Hajiya uwar mijina ce, ba a musu da saƙonta. Na shiga kicin na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwa, yarinyar tana wasa da kunnena ta baya.

Ranar Lahadin da ta biyo baya aka gayyace mu tudun. Wanda ya gayyace mu dattijo ne ɗan China da maigida yake sayen kayan yara a shagonsa a kasuwar Shisanhang. Lauban muke ce masa, haka ake kiran duk mai shago a can. Tun da ya yi wata jinya yake hawa tudu duk mako da abokansa suna wasan jefa faifai. Da maigida ya yi mana bayani, Yaya ta ce, “Wato ni da na bar shagona na tsallako duniya, jifan murfin tukunya za a kai ni?” Amma ita ta riga kowa sa takalmi.

Wurin yana bayan gari, sai da dogayen gine-gine suka ƙare. Tudu ne mai duhuwar itatuwa, ga gora tsaye cunkus tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa in iska ta taɓa ta. Ƙasar ja ce, ta jiƙa da ruwan daren jiya, saiwoyi sun fito sun kwanta a kan hanya kamar yatsun tsohuwa. Ni abin da na fara gani ke nan, saiwoyin, da sauro, da inda hanya ta zame gefe zuwa kwari. Na ƙara tamke majanyi.

Wasan ba wuya a faɗa. Faifai ne na roba, bai kai faifan rufe ƙwarya faɗi ba amma ya fi shi nauyi. Can nesa cikin itatuwa an kafa kwandon ƙarfe a kan sanda, da sarƙoƙi suna rataye a samansa. Mutum ya yi ta jefawa har faifansa ya shiga kwandon, sai a wuce na gaba. Lauban yana jefawa kamar ba ya so, faifan ya tafi shiru, ya lanƙwasa ya kewaye itace kamar an aike shi. Maigida kuwa ya zage ƙarfinsa duka, faifan ya doki itacen farko da ke gabansa ya dawo kusa da ƙafarsa.

“Sannu maharbi,” in ji Yaya. “Itacen nan me ya yi maka?”

“Ke jefa mu gani, Yaya.”

Ta gyara gyale ta jefa, nata ya tafi baya. Ta ce iska ce. Ko ganye ɗaya bai motsa ba.

Ni ban karɓi faifai ba. Ina biye da su a baya, idona a ƙasa, ina kaɗe wa yarinya sauro, gumi yana bin tsakanin bayana da cikinta. Tana ta leƙe ta kan kafaɗata, duk sanda sarƙa ta yi ƙara sai in ji ta zabura.

Muka iso wani wuri da hawan ya miƙe sosai. Lauban ya dube ni da goyona, ya nuna mini wata siririyar hanya mai matakala da ta kewaya ta gefe, ya yi alama in je sama in jira su. Na hau a hankali. Ina isa kusa da kwandon sai na ji wani abu ya keto ganye, faifai ruwan ɗorawa ya sauka a cikin jar laka, taku ɗaya tsakaninsa da sandar kwandon. Na san na Lauban ne. Na leƙa ƙasa na ga dattijon yana hawowa, hannunsa a kan gwiwa, yana tsayawa yana numfashi.

A gidanmu ba a barin kayan babba a ƙasa, ba a kuma tsayawa ana kallon tsoho yana wahalar zuwa ɗaukar abin da ke gaban mutum. Na sunkuya na ɗauka, na goge lakar tas da gefen hijabina, na gangara na tare shi a tsakiyar hawan, na ɗan rusuna na miƙa masa da hannu biyu.

Ya tsaya yana kallon faifan, yana kallona. Maigida da ke bayansa ya ce, “Ina kika ɗauko wannan?”

“Gindin kwandon. A cikin laka ya faɗa.”

Ya faɗa wa Lauban da guntun yarensu na kasuwa, yana nunawa da hannu. Dattijon ya dafe kai, sai kuma ya fashe da dariya har ya zauna a kan wata saiwa. Ashe tun da ya fara hawa tudun nan bai taɓa kai faifai kusa da wannan kwandon da jifa ɗaya ba, sai yau, kuma babu wanda ya gani sai ni, ni kuma na share shaidar da hijabina.

“Ba a ɗauka,” maigida ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa don kar in ji kunya, alhali na riga na ji. “Inda ya faɗi nan ake barinsa. Mai shi ya taka ya je, ya tsaya a wurin, ya sake jefawa. Tun ɗazu haka muke yi.”

Tun ɗazu haka suke yi, ni ina kallon saiwoyi.

Na ce a ba shi haƙuri. Lauban ya kaɗa hannu, ya miƙo mini faifan, ya yi magana yana dariya. Maigida ya ce, “Wai hukuncinki ke za ki jefa.”

Na karɓa don babu yadda zan yi. Na tsaya yadda na ga suna tsayawa, na juya jiki zan jefa, sai nauyin yarinyar ya tafi gefe ɗaya, kanta ya kusa gogar wani reshe. Ta ce, “Umma, kaina.” Lauban ya taso ya nuna bayana, ya ce “meyo, meyo,” wato babu, ba a yi da goyo.

Yaya ta ware hannuwa. “Kawo ta nan, amaryarmu. Gara ma ta fara sabawa.”

Ba da wata manufa ta faɗa ba, na sani. Amma da na ga hannayen nan a buɗe, sai na ga filin jirgi, na ga bayan Yaya yana nisa da 'yata a kafaɗa. Na kwance majanyi, na sassauta zani, na zamo da ita ta gefe. Maimakon in miƙa ta, sai na tsayar da ita a ƙasa kusa da ƙafata, a kan jar ƙasar nan da nake ta tsoro tun safe. Ta kama hijabina da hannu ɗaya. Wurin da take kwance a bayana ya yi sanyi da iska ta taɓa shi.

Na jefa. Faifan bai tashi sama ba, ya bugi ƙasa ya miƙe a kan gefensa, ya yi ta gungurawa kamar tayar da yara suke korawa, ya bi gefen tudu ya kwanta a gindin gora. Ban gama jin kunyar jifan ba na ji hijabina ya saki.

Ta tafi. Hannuwanta a buɗe, ƙafar hagun nan tana shiga ciki, tana ɗaga ta sama fiye da kima a kan kowace saiwa. Ta tsallake ta farko. Ta biyu ta kama ta, ta kife a kan tafukanta da gwiwa.

Na riga na ɗaga ƙafa. Sai na ji an riƙe mini gefen hijabi ta baya, riƙo mai ƙarfi, irin na mai auna yadi.

“Yanzun nan aka gaya miki ba a ɗauka,” in ji Yaya a kunnena.

Na tsaya, zanin goyo a dunƙule a hannuna. Yarinyar ta juyo ta dube ni, bakinta ya fara lanƙwasa. Na san in fuskata ta nuna tsoro kuka za ta yi. Ban san inda na samo shi ba, na yi mata murmushi, na ce, “Tashi mana, ga shi can.” Ta dubi tafukanta da suka yi ja, ta shafa a riga, ta turo ɗuwawu sama ta miƙe.

Da ta isa gindin gorar ta tsuguna ta ɗauki faifan. Babanta ya ce, “Mamana, bar shi nan, Umma za ta zo.” Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kama gefen rigarta ta goge shi, gaba da baya, ta juyo ta tako duk saiwoyin nan har gabana, ta miƙo mini da hannu biyu.

Dariya ta sake zaunar da Lauban a kan saiwarsa. Yaya tana share ido da gyale tana cewa, “Shi ke nan, an gama da wasan bawan Allah. Uwa ta ɗauke, 'ya ta ɗauke.” Ni ma dariyar nake yi, amma na sunkuyar da kai, don ba dariya kaɗai ba ce.

Sauran hanyar da ƙafarta ta yi mafi yawa. Ta faɗi ya fi a ƙirga, duk faɗuwa sai in ji Yaya ta matso kusa da hijabina. Lauban ya ciro wani ƙaramin faifai mai laushi daga jakarsa ya ba ta. In mun isa kwando babanta ya ɗaga ta, ta jefa daga kusa, sarƙoƙi su yi kacau-kacau, ta ce a sake. A gangarowa barci ya kwashe ta. Na fara warware zani, maigida ya ce in bari, ya ɗora ta a kafaɗarsa. Na biyo su hannu sake, ban san yadda zan yi da hannuwana ba.

Ranar da Yaya za ta tafi, da safe, tana zaune a kan akwati don ya rufu, ni ina tsaye bakin ƙofa. Babu wanda ya sake tayar da maganar tun daga tudun, ni kuma ban tambaya ba. Na dai wanke kayan yarinyar na ninke, don kar a ce ban shirya ba.

Yaya ta dubi ninkakkun kayan, ta dube ni. Ta ce, “Ina zanin nan naki na goyo? Da majanyin.”

Na ɗauko. Ta tashi daga kan akwatin, ta cusa su a gefe cikin kayan sari, ta koma ta zauna ta ja zif.

“Hajiya ta ce kar in dawo mata hannu rabbana. To ga abin da zan kai mata, da hoton takwararta tana hawan dutse. In ta yi faɗa ni zan sha.” Ta nuna ni da yatsa. “Na san kina da wasu zannuwan. Ina da masu gaya mini.”

Na durƙusa zan yi godiya. Ta ce in tashi kar in sa ta makara.

Muka raka ta ƙasa. Matattakalar nan ce dai, wadda leɓe ya fashe a kanta. Yarinyar ta sa hannu ɗaya a ƙarfen gefe, ɗayan yana riƙe da faifanta, tana sauka ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa ƙafa biyu a kowane mataki. Ina bayanta, kusa sosai, hannuna a miƙe saitin wuyan rigarta, ban taɓa ba.