Tekun da ke bangon butik ɗinmu

Jiya yayana ya kawo farar ƙasa zai shafe bangon butik ɗinmu, wato shagonmu, sai na tuna tsohon da ya zana teku a jikinsa. Daga Togo ya zo yana saurayi, a Agadas ya tsufa. Tsinken dabino yake taunawa ya yi zane da shi, yatsunsa kullum da shuni.

Ina ƙarama na ce, "Baba, ruwan ya yi yawa."

Ya yi dariya. "Ke da ko kogi ba ki taɓa gani ba? Riƙe mini ƙwaryar, 'yata."

Shi ya sa jiya na tare bangon, na ce wa yayana ba za a shafe ba. Inda rana ta cinye, ni zan sabunta. Allah ya sanyaya kabarinsa, ya daidaita mini hannu.