Ranar da Aka Yi wa Tuta Tsaga

A shekarar da aka ba mu mulkin kai, burin mahaifina ɗaya ne: motarsa ta ja gaba. Motar katako ce mai kai fatun shanu Kano, tana kwana a bakin gidanmu a Ƙofar Taramniya, ita da warinta. An ce ranar biki motocin gari za su jeru su zaga da 'yan makaranta, wadda ta fi kyau ita za a sa a gaba. Baba ya riƙe maganar kamar sarauta aka yi masa alkawari.

Daga Kano ya dawo da wani abu a naɗe cikin tabarma. Takarda ce mai santsi, da danƙo a bayanta, tsanwa da fari da tsanwa, launin sabuwar tuta. Da rana ba ta fi kowace takarda ba. Amma da magariba ya haska mata tocila, sai ta maido da hasken kamar idon kyanwa. Lokacin ina makarantar 'yan mata, ina shekarun da komai ke zame mini waƙa. Na ce a raina, ga ƙasar da za ta riƙa mayar wa kowa haskensa.

A gidanmu ba a yi wa abu ado sai an shafe shi da man shanu, fata ce ko ƙwarya ko jariri. Don haka Baba ya wanke ƙofofin motar, ya murza musu mai har suna sheƙi. Da tsakar rana, ƙarfe na ƙuna, ya manna tuta a kowace ƙofa, ya lallashe ta da tafin hannu, ya ja da baya ya daɗe yana kallo.

Washegari tuta ta tashi da bororo, manya da ƙanana. Iska ce ta maƙale a ƙarƙashi, in ka danna nan sai ta gudu can. Ni gani na yi kamar takardar ke numfashi. Kakata, mahaifiyar Baba, ba ta ga waƙa a ciki ba.

"Ƙyanda ta," in ji ta. "Wagga mota ta kamu."

"Inna, ƙarhe na. Ƙarhe ba ya ƙyanda."

"Ni za ka gaya ma? Haka bayanka yay yi kana goye."

Baba ya nufi tasha neman shawarar direbobi. Bai yi nisa ba Kaka ta aika aka kira wanzamin unguwa, wani tsoho Bagobiri. Ya ajiye zabirarsa, ya latsa bororon da yatsa, ya saurara.

"Iska ta ɗai. A buɗe mata ƙohwa ta hita."

Ya zaro aska. Yana tsagawa yana dannewa da babban yatsa, iska na fita, mai na tsattsafowa, takarda na kwanciya. Sai dai hannun da ya tsufa yana yi wa 'ya'yan Gobirawa tsagar gado hanya ɗaya ya sani: layuka jere, daga gefen baki su baje zuwa kunne. Da ya gama, kowace ƙofa ta zama kunci.

A makaranta an koya mana cewa wannan tuta ba ta da ƙabila. Na tsaya ina kallonta, ga ta kwana ɗaya a gidanmu har ta sami dangi.

Baba ya dawo, ya zaga motar a hankali, ya tsaya.

"Sarkin aska, mi kay yi mani?"

"Na warkas da ita."

"Tutar ƙasa ta. Ka yi mata tsaga."

"To in ta ɓace, ai an san gidan da za a maido ta."

Babu lokacin komawa Kano. Haka Baba ya kai ta filin da ake duba motoci, ni ina biye da shi riƙe da tsumman goge gilashi. Mai zaɓen wani akawu ne Bayerabe da ya daɗe a Sakkwato. Tsakanin Yarabawa da Gobirawa kuwa akwai wasa tun na kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, ba a fushi.

Akawun ya wuce motoci masu sabon fenti yana gyaɗa kai, ya iso tamu ya ja birki. Baba ya fara bayani, yana ambaton zafin rana da mugun danƙo. Akawu bai ji ko ɗaya ba. Dariya yake har yana dafa ƙofar.

"Mai mota, ashe Bagobira ka ajiye ba ka gaya mini ba?"

"Ranka shi daɗe, kuskure na."

"Wane kuskure? Baiwata ce, na gane ta. Bayi ke share hanya. Ta shiga gaba."

Ranar biki ina zaune a bayan motar cikin 'yan makaranta, muna kaɗa ƙananan tutocinmu marasa tsaga. Babu kowa a gabanmu sai hanya. Daga kowane gefe mutane na kiran Bagobira, mahauta suna buga wuƙaƙensu, mata na guɗa. Ta 'yar tagar baya nake hango ƙeyar Baba, a miƙe, kamar wanda ya haɗiye magani mai ɗaci aka ce masa ya yi murmushi.

Kafin wata damina tutar ta ɗaye da kanta, man shanu ya gama aikinsa. Amma askar ta ratsa har cikin fenti, tsagar ta zauna a ƙofa har ranar da aka sayar da motar. Sunan ma da shi aka saye ta.

Duk lokacin da Baba zai ba baƙi labarin, a taƙaice yake ba da shi.

"Ranar mulkin kai, motata taj ja gaba."

Daga cikin ɗaki sai Kaka ta ƙarasa masa.

"Bayan ta warke."