Bappa Isiyaku, wanda ya hana ni sayar da shanuna

Yau da safe ina tatsa aka kira ni a waya: Bappa Isiyaku na Gubi ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ba dangina ba ne. Tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, abokin marigayi maigidana.

Bazarar da ta biyo bayan rasuwar maigidan, shanu huɗun da ya bari suka daina cin abinci. Zafi ya yi yawa, sai haki suke, nono ya ja baya. Ni kuma da nonon nake ciyar da gida. Na yanke shawarar sayar da su.

Bappa ya zo wurina a Tirwun a kan keke, ya duba su, ya ce, "Hauwa, ba ciwo suke ba. Ki ba ni damina ɗaya."

Da masara ta yi, shi ya tsaya aka yayyanka ɗanyen kara, aka danne a rami, aka rufe da leda har ya tsimu. Sailej suke ce masa. Ran da muka buɗe na toshe hanci, ya yi ta dariya.

Ya koya mini in ɗebi na ci ɗaya kawai in mayar da leda. In ba shanun da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, a inuwa, ruwa na kusa. Wanda ya yi hunhuna a zubar.

Bazara ta zagayo, nonon shanuna bai yanke ba.

Makonni biyu da suka wuce ya leƙo, ya rame sosai. Ya sa hannu a kwamin abincin, ya dube ni.

"Wannan ya ɗau zafi, 'yata. Kar ki ji tausayinsa, kwashe."

Na kwashe ina gunaguni. Na kawo masa kindirmo, ya sha rabi ya ce sauran sai ya dawo. Ban tambaye shi jikinsa ba, hankalina na kan abin da na zubar. Wannan ne ke damuna tun safe.

Allah Ya gafarta maka, Bappa, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba iyalanka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a, ko da bai san shi ba.