Jajayen Ɗigo a Ƙirjin Nomau

Nomau maƙwabcinmu mutumin Tawa ne. Ya zo Arlit lokacin da garin ke da haske, shaguna cike, nama ba ya yankewa a tukunya. Aikinsa shafa wa manyan motocin ramin uraniyom mai. In ya yi dariya, har bakin kasuwa ana ji.

Sai farashin dutsen uraniyom ɗin ya faɗi, aka sallame shi. Fari ya cinye garken makiyayan Gugaram, tawaye ya sa ba a bin hanyar Agadas sai da rakiyar soja. A shekarun nan ne ɗigo suka fito masa a ƙirji da baya, jajaye, sumul, kamar an watsa masa ƙwayar jar dawa. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Amma tsofaffin ma'aikata suna da magana: dutse ya buga maka hatimi, wato gubar ramin ta kama ka.

Nomau ya ware kwanonsa. Jikarsa Lalla, mai koyon tafiya, ta miƙo hannu, ya kau da kai kada ya shafa mata guba. Dariyar nan ta ɗauke.

Ranar da wuyan riga ya goge ɗaya ya yi jini, matarsa Inno ta ja shi asibiti. Likita ya cire ɗigon. Da ya koma jin sakamako, Keziya 'yar Damagaram, mai aikin gwaji, ta zaunar da shi gaban madubin da ke girmama ƙananan abubuwa.

"Baba, leƙa. Me ka gani?"

"Zare ya sarƙe," in ji shi. "Ja cikinai."

"Ƙananan jijiyoyin jini ne suka buɗe, suka dunƙule ƙarƙashin fata. Bangonsu siriri, lafiyayye. Tsohuwata tana da su, ko hanyar Arlit ba ta sani ba. Furfurar fata ce."

"Ba dutse ba?"

"Tarin nan da na ji kana yi ban rantse masa ba, ka zo a duba. Wannan kuwa tsufa ne, ba ya shafar kowa."

Inno ta tafa hannu. "Malam, tsuhwa ne kake ɓoye muna, kamar budurwa!"

Da la'asar na wuce ƙofarsu. Yana kan tabarma ba riga, Lalla a cinyarsa tana danna ɗigon da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana ihu wai ta kashe shi. Garin ya yi shiru a lokacin, rabin gidaje a kulle, shi ya sa dariyar ta kai har bakin kasuwa.