Jar Motar Maliki

Duk wanda ya zauna Birnin Kebbi lokacin da muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato ya san Maliki Makanike, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai baƙin babur, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya, wanda in injin niƙa ko na casar shinkafa ya tsaya, tun daga Gwadangaji har Augie, shi ake aika wa. Ba shi da surutu, kuma bai taɓa cewa hanya ba ta biyuwa ba. Da damina in ruwa ya cika fadama, sai a ɗora shi da babur ɗin cikin jirgi a ƙetare da su, ya sauka ya ci gaba da tafiyarsa. Shekara goma sha ɗaya yana haka, abin hawansa ke nan ɗaya tak.

Asalinsa ɗan Argungu ne. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, uban ya tafi fatauci kudu bai sake waiwayowa ba, sai kawunsa Hodi ya ɗauke shi. Kawu Hodi masunci ne da ƙuruciya, da ƙarfi ya fara raguwa ya koma kan gonarsa ta shinkafa a fadama ta wajen Gulma, wadda ya gada tun daga kakansa. Allah bai ba su haihuwa ba shi da matarsa Inna Laure, Maliki ne ɗansu. Amma fa kada ka ce ya shagwaɓa shi. Kawu mutum ne mai ɗaure fuska, kuma abin da ya fi tsana shi ne kayan banza. A wurinsa kayan banza shi ne duk abin da ba ya noma, ba ya ɗaukar kaya, ba ya shiga tukunya.

Da tsufa ya zo, yana ta rufe masa ido, sai Maliki ya zama idonsa. Kowace Juma'a zai taso daga Birnin Kebbi ya yi salla a Argungu. In ya kawo bakin lungun gidan sai ya kashe babur, ya sauka ya turo shi har ƙofar zaure, don ɗa ba ya isowa gaban wanda ya rene shi a bisa abin hawa. Kawu yana zaune zai ji kukan injin ya ɗauke, sai ya ce wa Inna ta zubo tuwo. Sannan a zauna bayar da labari: ina ruwa ya kai, yaya shinkafar ta yi kai, wane ne ya dace a ba noman gonar bana. Abin da Maliki ya faɗa shi ke nan, Kawu ba ya sake tambayar kowa. Wannan yarda ita ce babban abin da Maliki ya mallaka a duniya, shi ma kuwa ya san haka.

To, ana nan sai ga wata mota ta shigo gari. Ta wani Bature ce, injiniyan kamfanin da ke shimfiɗa kwalta. Ja ce wur, ƙasa-ƙasa, kujera biyu kacal, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. In ta yi tari Maliki ake kai wa, don haka shekara biyu hannunsa na cikin cikinta. Ya san ta fiye da mai ita. Da aikin kamfanin ya ƙare, Baturen ya ce ba zai iya tafiya da ita ba, kuma ba ya son ta faɗa hannun wanda zai kashe ta. Ya yi wa Maliki tayinta da arha.

Riskuwa matarsa ta faɗi nata tun kafin a tambaye ta. Ta ce ita ba ta ga mota ba, akushi ta gani mai ƙafa huɗu. Ina za ta zauna ita da goyo, ina buhu zai zauna, ina akwatin aikinsa? Gaskiya ta faɗa, shi ma bai musa ba. Kwana uku yana juya abin a ransa. Babur ya ishe shi, ya sani. Babur ne ya yi masa gida, ya yi masa aure. Amma mutumin nan tun yana shekara bakwai yake bin kawunsa da gora a cikin ruwa, daga nan ya shiga gareji, kuma tunda aka haife shi bai taɓa mallakar abin da ba na aiki ba, ko da kuwa motar kara ce irin ta yara. So ɗaya dai a rayuwa yake son abu don yana son shi. Wa zai ce wannan laifi ne? Ya sayar da babur, ya haɗa da shanu biyu da yake kiwo, ya karɓi makulli.

Daɗi kam ya ji shi, ba sai an ɓoye ba. Ranar farko da ya hau sabuwar kwaltar nan ta Argungu, ya naɗe rufi, ya cire hula ya danne ta da cinya, ya taka. Iska na dukan fuskarsa, gonakin gero na wucewa ta gefe, sai ya ji kansa yana dariya shi kaɗai kamar wani zararre. Bai taɓa sanin akwai irin wannan sakewar a ƙirjin mutum ba.

Dariyar ta tsaya ne da ya hango Argungu. Yaya zai yi da lungun Kawu? Mota dai ba a turo ta. Wannan ma mai sauƙi ne. Da a-kori-kura ya saya, da har ƙofar gida zai kai ta a sa mata albarka, a ce ga mai ɗaukar shinkafa. Amma wannan fa? In Kawu ya tambaye shi amfaninta, me zai ce? Sai ya ajiye ta bayan shagon wani tela abokinsa, can bakin kasuwa, ya tako da ƙafa.

Bayan an gaisa Kawu ya ce, "Maliki, yau ban ji kukan dokinka ba."

"Na rabu da shi, Kawu."

Tsohon ya ce, "To, Allah shi musanya da alheri."

Ka ji inda aka yi ɓarnar. Maliki bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Da zai tafi ya ja Inna Laure gefe ya gaya mata, ya roƙe ta ta rufa masa asiri har ya sami bakin faɗa. Ya roƙi maƙwabta haka nan. Kowa ya ce ba komai, ai Juma'a mai zuwa ma rana ce. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Kullum da maganar a bakinsa yake shiga zauren, kullum da ita yake fita. Yaran unguwa kuwa suna can bayan shagon tela suna shafa mota, suna leƙa fuskarsu a madubinta.

Sai damina ta sauka. Motar da ko kunyar gona ba ta iya hawa, ina ita ina hanyar Augie? Masu injin suka yi ta aike, Maliki na cewa sai hanya ta bushe, har suka gaji suka nemi wani. Maganar ta yi ta yawo har ta iso kunnen Kawu a masallaci: Maliki ya daina zuwa gyara. Tsohon ya zauna ya haɗa abin da ya sani. Yaro ya rabu da babur, yana zuwa da ƙafa daga tasha. Ya daina tafiya da buhun shinkafar da ake ba shi. Ya daina zuwa aiki. Muryarsa ma in yana magana kamar akwai abin da ya tokare ta. Ai magana ta fito: yaron ya karye, kunya ta hana shi faɗi. A tarbiyyar Kawu kuwa ba a tambayar namiji dalilin karyewarsa, tallafa masa ake yi a yi shiru.

Bai shawarci Laure ba, don ya san za ta hana. Ya aika aka kira masa Malami, tsohon abokinsa na Gulma, wanda ba ya shigowa Argungu sai da dalili, bai kuma san da wata mota ba. Suka ƙulle a zaure suka gama magana.

Wata Juma'a bayan kaka, an sauko daga masallaci an ci tuwo, Kawu ya ce wa Maliki ya buɗe ɗakin da ke gefen zaure. Ya buɗe. Sabon babur ne tsaye, ledar kujerarsa ma ba a cire ba.

"Ɗauki ka koma bakin sana'arka," in ji Kawu. "Namiji ba shi zama babu ƙafa."

Maliki ya tsaya yana kallon babur ɗin. Ya tambaya daga ina. Kawu ya ce gonar fadama ce ya sayar wa wani babban manomi, Alhaji Dikko, ta hannun Malami. Shi ba ganinta yake yi ba, Maliki kuwa yana da 'ya'ya da za ya ciyar. Inna Laure da ke bakin ƙofa da kwano a hannu ta yi salati ta zauna a ƙasa.

Nan Maliki ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga Baturen har shagon tela. Kawu bai katse shi ba. Da ya gama, tsohon ya tambaye shi buhu nawa take ɗauka. Ya ce ba ta ɗauka. Mutum fa? Ya ce biyu. Kawu ya gyaɗa kai, kamar wannan bai dame shi ba. Sannan ya tambaya ko Laure ta sani. Ta sani. Liman fa, da mutanen da yake sahu ɗaya da su? Sun sani.

"Wato ni kaɗai," in ji Kawu. "Wata takwas kana zaune gabana kana cin tuwona. Da ka gaya mini, faɗa zan yi maka na kwana biyu, in bari. Mi kaj ji tsoro?"

Maliki hawaye kawai yake yi, mutum mai 'ya'ya huɗu.

Washegari ya tafi wurin Alhaji Dikko. Alhajin ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce ciniki ya faɗa gaban shaidu, har ya ba ɗansa gonar ya fara gyara. Maliki ya ce ga mota a haɗa da babur. Alhajin ya yi murmushi ya ce shi manomi ne, me zai yi da ita? Gona dai ba ta dawo ba. Motar ta yi wata uku ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan Maliki, kafin ɗan wani ɗan kwangila ya zo daga Sakkwato ya ɗauke ta. Riskuwa, Allah ya saka mata, ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya maka ba.

Maliki ya koma kan babur, na Kawu, ya bi ƙauyuka yana ba masu injin haƙuri har suka dawo masa. Shinkafar gidan Kawu kuwa ta koma wuyansa, bai taɓa bari rumbun ya yi ƙasa ba. Wani lokaci in yana tafe kan kwalta yakan tuna iskar nan, ba ya kuma ƙaryata kansa cewa bai ji daɗinta ba. Abin da ya gane dai shi ne, ba motar ce ta cuce shi ba. Kawu bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa. Yana karɓar gaisuwa, yana sa albarka, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Har Maliki ya fara zaton komai ya koma daidai.

Bayan shekara biyu ciwon ƙirji ya kwantar da Kawu, aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Kwana huɗu Maliki na zirga-zirga, ko abinci ba ya iya ci. A rana ta biyar da hantsi likita ya kira shi ofis, ya ce masa ya kwantar da hankalinsa: sanyi ne ya kama huhu, magani ya karɓe shi, nan da mako tsohon zai koma gida da ƙafarsa. Maliki ya fito kamar ya yi gudu. Ya zauna bakin gado, ya kama hannun Kawu, ya gaya masa duk yadda likita ya faɗa, bai rage ba bai ƙara ba.

Kawu ya saurara har ƙarshe. Ya ɗan matse hannun nasa, ba da fushi ba, sannan ya ce a hankali, "Na ji, Maliki. Amma kai kana jin kunyata, ba ka iya gaya mini abin da ba ni so. Kira mini likitan, shi da bai san ni ba, in ji daga bakinai."

Maliki ya buɗe baki zai rantse, sai ya ga rantsuwar ba inda za ta kai shi. Gaskiya ce tsantsa ya kawo, mai daɗi kuma, amma ba ta da mai saye. Ya ce, "To, Kawu." Ya sa takalmansa, ya bi barandar asibitin yana tambayar ma'aikata inda likita ya shiga.