Barcin Jikana Na Kwalba Ne

Salamu alaikum. Wata uku kun ji ni shiru, har ana tambaya ko na bi mijina marigayi Malam ne. Ina nan. Jikana Sadiku ne ya kwanta. Ni nake faɗa, uwarsa Hadiza ke rubutawa, na ce kar ta gyara min magana.

Hadiza shara take a wani ofis a Abuja, da asuba take bin mota. Ni kuma tuwo nake sayarwa a bakin titi a Gauraka. Sai muke barin yaron wurin wata maƙwabciya mai riƙe 'ya'yan masu zuwa aiki.

Yana wata tara ya fara yawan barci. A ɗauko shi, barci. A ba shi nono, ya saki. Mutane na cewa mun dace da yaro mai haƙuri. Bakwai na haifa, ban taɓa ganin jariri mai haƙuri ba.

Na zargi nonon Hadiza. Na zargi bakin mutane. Na yi hayaƙi, na karɓo rubutu. Wuyan yaro sai ƙara langwaɓewa yake.

Ranar awo na kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Sista ta ɗora shi a sikeli, ta duba kati, ta tuɓe shi tsirara. Ɗuwawunsa duk ya saɓule.

Ta ce, "Mama, wa yake wuni da shi?"

Na ce, "Ina ruwan sikeli da wanda yake wuni da shi?"

Na ɗauka sunana za ta kai wa hukuma.

Ta ce, "Ba ke nake tuhuma ba. Yaron nan ba ya samun abinci, kuma barcin nan ban yarda da shi ba."

Gwaji ya nuna ba maleriya, amma jini ya yi ƙasa. Ta tura mu babban asibiti. Kwana shida, ƙarin ruwa, madara ta sirinji. Akuyata ta tafi a kuɗin magani. Na fid da rai, na ɗauka za mu dawo da zanin goyonsa kawai.

Rana ta uku ya tsala ihu. Likita ya ce, "Hajiya, ga maigidanki ya farka. Wani abu ake ɗura masa."

Da aka sallame mu, na faɗa gidan maƙwabciyar nan da azahar, ba sallama. Yara huɗu a tabarma, shiru kamar an share gida. Ga kwalbar maganin mura a taga.

Ta ce, "Inna, rabin cokali ne fa. Ni kaɗai ce, ya zan yi da kukansu?"

Ban zage ta ba. Na ɗauki kwalbar na kai wa Sista. Ita da mai unguwa suka kira iyayen, aka duba sauran yaran. Ɗaya sai da aka ba shi gado.

Sadiku ya warke, alhamdu lillahi. Yanzu a bayana yake wuni, yana ja min ɗankwali ina tuƙi.

Sista, na yi miki rashin kunya, ki yafe. Allah Ya raya naki.

Ku kuma, kar ku fasa zuwa awo don yaro ba zazzaɓi. In an tambaye ku, ku amsa. Inda kuke barin yaro, ku riƙa leƙawa da rana tsaka, kar ku ce kuna tafe. Ko 'yar'uwarku ce.