Zanen Fuskar Baba a Hanyar Kano

Dutse

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar unguwar Takur, ni da mahaifina. Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci ce, shi ya sa ya taso tun daga Miga ya raka ni, kada a ce mace ta yi tafiya ba muharrami. Ƙarfe goma zan zauna gaban malaman jami'a a Kano, neman gurbin digiri na uku kan dokar shige da fice. Gurbi ɗaya ne, mu bakwai. A ofis an sha yi mini dariya, wai lauya mace ta rasa abin karantawa sai 'yan cin rani. Na ce su yi ta yi, haƙoransu ne.

A tasha muka sha koko da ƙosai. Fijo ta cika ƙarfe bakwai saura kwata.

Shinge, gab da Wudil

Takwas da minti goma wani jami'in shige da fice ya tsayar da mu. Ya leƙo, idonsa ya sauka kan zanen Gobirawa da Baba ya gada a kumatunsa.

"Tsoho, sauko. Daga Nijar ko?"

"Daga Miga, ɗan nan. Can aka binne cibiyata."

"Takardar haihuwa?"

Wace takarda? Ungozoma ce ta karɓi haihuwarsa a ɗaki. Baba ya raɗa mini, "Saude, ki wuce, kada ki makara." Raina ya ɓaci. Na sauko, na miƙa wa jami'in biro da takarda.

"Yallaɓai, rubuta mini sashen dokar da ya ce a karanta ƙasar mutum a kumatunsa. In ka rubuta, ni da kaina zan raka shi iyaka."

Ya ce in iya bakina. Sai wata dattijuwa mai kai kifi daga Haɗeja ta fito daga motarmu, ta shimfiɗa mayafi a gefen titi, ta zauna.

"Ni ma ba ni da takardar haihuwar. Haɗa da ni."

Ɗaya bayan ɗaya motar ta zama wayam, direba ya kashe inji. Minti hamsin muna zaune, motoci na ta ham a bayanmu, kafin babbansu ya zo ya ce mu tafi. Ba wanda ya ce masa na gode.

Kano

Sha ɗaya saura kwata na isa, zanina duk ƙasa. Farfesan da ke shugabantar zaman yana tattara takardu.

"Malama, mun tashi. Kuma kowa kan shari'a yake rubutu yanzu. Me ya haɗa Jigawa da batunki?"

"Malam, batun ne ya tsare ni a hanya. Yana zaune a waje, in za ka ga fuskarsa."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya koma ya zauna. Awa guda suna yi mini tambayoyi. Da zan fita ya ce in kawo babin farko bayan salla.

Gida

Bayan la'asar muka iso Takur. A shingen kuwa, da muka dawo, Baba da kansa ya sauke gilashi ya juya musu kumatunsa, dama da hagu.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da dattijuwar kifin nan da ban ko tambayi sunanta ba.